Fashin baƙi: Me akwatin wifi ke rubutawa a kanka, kuma wa ya saita shi?

Shin mai wifin unguwa yana karanta hirarka ta WhatsApp? Tun da akwatunan wifi suka yawaita a Damagaram, daga Birni zuwa Zango da Sabon Gari har bakin Kasuwar Dole, musamman bayan Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, wannan tambaya ba ta barin bakin mutane. A fadar samari wani zai rantse maka cewa duk hoton da ka tura sai ya bi ta idon mai sayar da tike. Wani kuma ya ce ƙarya ce, akwatin bai san komai ba, rezo wucewa kawai yake yi ta cikinsa.

Duk su biyun sun kauce hanya. Akwatin yana iya rubuta abubuwa da dama a kanka, amma hirarka ba ta ciki. Abin da zai rubuta da abin da zai bari kuwa mutum ne ke zaɓa a wurin saiti. Sau da yawa ma babu wanda ya zaɓa: an ciro na'ura daga kwali, an jona, rezo ya kama, an tafi. Sai ranar da aka yi ɓarna a buɗe rajista a tarar da ita wayam.

Mece ce wannan rajista

Duk na'urar da ke tsaye tsakanin rezon cikin gida da intanet tana da wurin da take rubuta abin da ya faru, layi bayan layi. Haka take a rauta irin MikroTik da masu wifi suka fi so, haka take a katangar tsaro, wato na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita rezo, irin FortiGate, Cisco ko pfSense da ake gani a bankuna da ofisoshin ƙungiyoyi. Masu aikin suna ce mata log. Kowane layi yana ɗauke da lokaci, da sashen na'urar da ya yi magana, da nauyin lamarin, sannan saƙon kansa. Ga yadda MikroTik ke fito da shi:

02:14:09 system,error,critical login failure for user admin from 10.5.50.37 via winbox

Ma'ana, ƙarfe 2 da minti 14 na dare wani ya nemi shiga wurin sarrafa akwatin da sunan admin, kalmar sirrin ba ta yi ba. Dubi adireshin da kyau, wato lambar 10.5.50.37 da akwatin ya ba na'urar mai gwajin. Jerin 10.5.50 shi ne wanda MikroTik ke ba masu sayen tike idan ba a canza ba. Ke nan mai gwajin ba daga Rasha ko Sin yake ba. Yana nan kusa, wataƙila kan bencin ƙofar shago, da tiken dala 20 a aljihu. Layi ɗaya irin wannan ba komai ba ne, kowa na mantuwa. Layi 200 cikin minti 10 kuma wani zance ne daban.

Saita rajista amsa tambayoyi ne: me za a rubuta, ina za a ajiye, har zuwa yaushe, wa zai duba. Akwai kuma batun agogo, wanda aka fi rainawa, za mu zo kansa.

Abin da akwatin ke gani da abin da ya fi ƙarfinsa

Ɗan kamasho a tasha ya san wanda ya shiga mota, ƙarfe nawa, ina za shi, da nauyin kayansa, amma bai san abin da ke cikin jaka ba. Matsayin akwatin ke nan. Yana ganin lambar katin rezon salularka, da adireshin da ya ba ka, da lambar tikenka, da lokacin shigarka da fitarka, da yawan megar da ka ci. Idan an so, yana iya rubuta sunan shafin da ka nufa, domin sai salula ta tambayi hanya kafin ta isa. Abin da ka rubuta a cikin shafin kuwa a rufe yake matuƙar adireshin ya fara da https, kuma yawancin shafuka yau haka suke. WhatsApp ya ƙara nasa makulli tun Afrilun 2016: saƙo ba ya buɗewa sai a salular wanda aka aika wa.

Kada a raina wannan da ake gani. Sanin cewa salular wance tana kan rezo kullum ƙarfe 3 na dare, ko wane ba ya kwana bai leƙa shafin caca ba, ya isa ya raba aure ko ya zubar da mutunci, ko da ba a ga kalma ɗaya ta hirarsu ba.

Akwai inda lissafin ke canzawa. A wasu ma'aikatu ana sa wa kwamfutocin ofis takardar shaida ta musamman da ke ba katangar tsaro damar buɗe https, ta duba, ta sake rufewa. A nan ma'aikata na iya ganin abin da ke cikin shafi. Amma sai an sa wannan shaida a cikin na'urarka tukuna. Don haka idan wifin bakin titi ya ce ka saukar da wata shaida ka girka kafin ka samu rezo, tashi ka bar wurin.

Gane mutum ta rajista ma bai kai sauƙin da ake zato ba. Daga Android 10 da iOS 14, salula kan ƙirƙiro wa kowane wifi lamba ta daban maimakon ta nuna tata ta asali. Tiken da aka saya da tsabar kuɗi kuma babu suna a kansa. Rajista tana cewa tike kaza, ba ta cewa ɗan gidan wane.

Me ya sa ranar buƙata ba a samun komai

MikroTik, yadda ya fito daga kamfani, yana riƙe layi 1,000 ne kawai, kuma a ƙwaƙwalwar wucin gadi. Layi na 1,001 ya shigo, na farko ya fita. Wuta ta ɗauke, duka su goge. A bazarar Damagaram, lokacin da kuran ke tafiya yana dawowa, akwatin da ba shi da ondilar ko batirin hasken rana rajistarsa ba ta wuce tsawon lokacin da wuta ta yi tsaye.

Irin zancen da ke biyo baya ke nan. An canza saitin akwati cikin dare, tike ya daina aiki, an kira mai gyara.

"Kai Malam, ba kai ka ce mini wannan abin yana tsaro ba? To duba ka gaya mini wa ya taɓa shi."

"Alhaji, da asuba an ɗauke wuta. Abin da ke ciki yanzu daga ƙarfe 6 ya fara."

Manyan na'urori ma ba su tsira ba. Ƙananan samfuran FortiGate da yawa ba su da faifan ajiya, sai dai su riƙe a ƙwaƙwalwa ko su tura ma'ajiyar kamfanin da ke intanet, inda na kyauta ke ajiye kwana 7. Dokar ƙarshe ta FortiGate, wadda ke toshe duk abin da ba a yi wa izini ba, ba ta rubuta abin da ta toshe sai ka kunna da hannunka. Cisco ASA kuwa rajistarsa a kashe take zuwa gaba ɗaya. Kamfanonin suna da dalili: rubutu yana cin ƙarfin na'ura kuma yana cin wuri. Akwati irin hAP lite gaba ɗaya mega 16 ne ma'ajiyarsa, kuma irin wannan ma'ajiya tana gajiya da yawan rubutu da gogewa. Wanda ya juya rajista mai yawa zuwa cikinta yana rage wa akwatin kwana.

Sai agogo. Akwatuna da yawa ba su da batirin agogo a ciki. Idan suka tashi bayan ɗaukewar wuta ba tare da sun tambayi sa'a daga intanet ba, wasu kan koma farkon Janairun 1970, wasu su ci gaba daga inda suka tsaya kamar ba a yi duhu ba. Maganin shi ne kunna NTP, tsarin da na'ura ke daidaita agogonta da na duniya, sannan a zaɓi sa'ar Yamai. Aikin minti 2 ne.

Ga abin da ya sa nake nanata shi. Nijar tana gaban agogon duniya na UTC da awa 1, kuma kamfanonin waje da yawa da UTC suke rubuta nasu. Adireshin da akwati ke ba kwastoma aro ne: ƙarfe 9 yana hannun ɗalibar jami'ar André Salifou da ke saukar da darasi, ƙarfe 10 ya koma hannun wani da ya tura abin da bai kamata ba. Idan agogo ya zame da awa guda, ko mai dubawa ya manta da bambancin, rajistar za ta nuna wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Rajista mai agogon ƙarya ta fi rashin rajista haɗari, domin mutane suna gaskata abin da na'ura ta rubuta.

Matakai takwas, da tarkon rubuta komai

Yaren da yawancin na'urorin nan ke amfani da shi wajen rajista sunansa syslog. Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 don manhajarsa ta wasiƙu, Sendmail, kuma sai a 2009 aka tsayar masa da cikakkiyar ƙa'ida. Ya kasa saƙonni matakai 8. Sifili shi ne na'ura ta durƙushe, 1 a tashi yanzu, 2 mai tsanani, 3 kuskure, 4 gargaɗi, 5 abin lura, 6 bayani na yau da kullum, 7 kuma na masu bin diddigin matsala. Idan ka zaɓi mataki, za ka samu nasa da duk waɗanda suka fi shi nauyi. MikroTik da sunaye yake kasa nasa maimakon lambobi, amma tunanin ɗaya ne.

Wani yakan ce shi babban abu kawai yake so, ya tsaya a 3. Kuskurensa shi ne na'ura ba ta ɗaukar shigar mutum da kalmar sirri daidai a matsayin matsala. A Cisco, saƙon da ke cewa an canza saiti a mataki na 5 yake. Ɓarawon da ya samu kalmar sirri zai shiga, ya canza abin da ya ga dama, ya fita, rajistar mataki na 3 ba ta ce uffan ba.

Wani kuma ya kunna 7 ranar da yake neman abin da ya hana rezo tafiya, ya gyara, ya manta bai mayar ba. Yi lissafi: a ce na'ura tana fitar da layi 50 a daƙiƙa, wanda ba wani abu ba ne ga ofis mai cunkoso. Layi 1,000 ɗin nan sun cika cikin daƙiƙa 20. A yini layi miliyan 4 da dubu 320 ke nan, kuma idan kowane ya kai harafi 200, an doshi mega 900 kullum. Layin da kake nema yana ciki, amma wa zai tono shi?

A ganina akwai abubuwan da ba a sasanci a kansu. Duk shigar mai sarrafa na'ura, wadda ta yi da wadda ba ta yi ba. Duk canjin saiti, da sunan wanda ya yi, wanda ke nufin kowane ma'aikaci da sunansa, a daina raba admin ɗaya tsakanin mutum 4. Shiga daga nesa ta VPN, wato rufaffiyar hanyar da ake bi ta intanet zuwa rezon ofis. Rabon adireshi, wato wa aka ba wane a wane lokaci. Sai abin da aka toshe yana ƙoƙarin fita daga ciki zuwa waje, domin kwamfutar da ta kamu da cuta ta nan take tona kanta. Abin da aka toshe daga waje kuwa yawancinsa hayaniya ce: manhajojin da ke yawo a intanet suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa dare da rana. A ajiye shi idan akwai wuri, amma kada ya danne sauran.

Layin da ya fi kowane daraja shi ne shigar da ta yi nasara bayan doguwar jerin waɗanda suka gaza. A 2018 an gano wata kafa a Winbox, manhajar sarrafa akwatin MikroTik, da ke ba mutum damar kwashe kalmomin sirri. Kamfanin ya toshe ta a Afrilun shekarar, amma masu akwatuna ba su sabunta ba, sai ga na'urori sama da 200,000, farawa daga Brazil, an mayar da su masu haƙo wa wasu kuɗin intanet. Alamomin suna nan: sabon mai amfani da ba a sani ba, sabon saiti da ba wanda ya tuna ya yi.

A fitar da ita daga akwatin

Wanda ya shiga na'urarka da ikon admin yana iya goge rajistarta, kuma ƙwararre da ita yake farawa. A Fabrairun 2016, da aka sace dalar Amurka miliyan 81 daga asusun babban bankin Bangladesh, ɓarayin sun sa manhajarsu ta hana injin buga takarda fitar da shaidar kuɗin da ake turawa. Ma'aikata sun ɗauka firinta ce ta lalace, kafin su farga kuɗi sun isa Filifin.

Saboda haka ake tura kowane layi, a daidai lokacin da aka rubuta shi, zuwa wata kwamfuta daban. Ba sai mai tsada ba. Tsohuwar kwamfuta mai Linux da manhajar karɓar rajista rsyslog ta wadatar da ƙaramin ofis, wanda ke son allo mai kyau da bincike kuma akwai Graylog da Wazuh. Abu biyu za a kula. Hanyar gargajiya ta syslog, UDP ta ƙofa 514, a buɗe take tafiya kuma ba ta tabbatar da saƙo ya isa. Cikin gini ɗaya ana iya haƙuri da ita. Idan reshe ne a Magarya ko Tanut ke turowa hedikwata ta intanet, sai a bi ta TLS, hanyar da ke rufe saƙo, a ƙofa 6514 ko ta cikin VPN. Na biyu, kalmar sirrin wannan kwamfuta kada ta zama a hannun mutumin da ke sarrafa katangar shi kaɗai. Ba zargi ba ne. A wuraren tura kuɗi da asusun adashi, wannan tsari shi ke wanke ma'aikacin kirki ranar da aka fara kallon-kallo.

Ita ma kwamfutar a sa mata batir, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Masu cewa a tara da masu cewa a rage

Masu tsaro suna son rajista mai yawa, mai daɗewa. Hujjarsu ita ce kutse ba a ranar da aka yi shi ake gane shi ba. Kamfanin binciken kutse Mandiant ya ce a binciken da ya yi na 2023, matsakaicin zaman mai kutse kafin a gano shi kwana 10 ne, wato rabi sun wuce haka, wasu da watanni. Ajiyar kwana 7 ba ta kai ko'ina ba. Ƙa'idar PCI DSS ta masu mu'amala da katin banki tana neman wata 12, na wata 3 na baya-bayan nan kuma su kasance a kusa. A 2023 ma, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta gano an shiga wasiƙunta na Microsoft ne saboda tana biyan kuɗin wata rajista ta musamman. Waɗanda ba su biya ba ba su da abin dubawa, har surutu ya sa kamfanin ya buɗe ta ga sauran kwastomomi ba ƙarin kuɗi.

Ɗaya ɓangaren kuma na cewa duk abin da ka tara kaya ne a kanka. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum, ta 2017 da ta Disamban 2022 da ta maye gurbinta, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ginshiƙin irin wannan doka shi ne a karɓi bayani don wata manufa sananniya, a tsare shi, kada a riƙe shi fiye da buƙata. Garinmu kuma kowa ya san kowa. Yaron da ke kula da akwati ya san mai tike kaza ƙanwar abokinsa ce, ko da rajista ba ta faɗa ba.

Mai wifi yana tsakiya. Kwastomominsa duka da adireshi ɗaya suke fita duniya, a Starlink ma adireshin nan raba shi ake yi da wasu kwastomomin kamfanin. Idan ƙorafi ya taso, sunan da ke kan layin nasa ne. Dokar laifukan intanet ta Yulin 2019 tana nan, kuma gyaran da aka yi mata a Yunin 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta hanyar sadarwa. Mutumin da ba ya iya nuna cewa a wannan sa'a mutum 40 ne ke kan akwatinsa ya bar kansa a fili.

Inda na tsaya: mai wifi ya riƙe tike, adireshi, lambar na'ura da lokaci, ya bar sunayen shafukan da mutane ke shiga, domin ba sa ƙara masa kariya sai fitina. Ya tsayar da wa'adi, ya nemi bayanin hukumar kula da sadarwa ARCEP da HAPDP kan abin da ya shafi sana'arsa, wa'adi ya cika na'ura ta goge da kanta. Ya kuma liƙa takarda a bango ya faɗi abin da yake ajiyewa. Banki da asibiti da ma'aikata lissafinsu daban ne, su sai sun tara fiye da haka, amma su ma ma'aikaci ya sani tun ranar da ya kama aiki.

Wa ke dubawa

A ƙarshen 2013 an kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target a Amurka. Na'urar tsaronsu ta ga cutar, ta yi ƙara, ba a ɗauki mataki ba. Kamfani mai ɗaki guda na masu gadi ke nan, balle ofishin da mutum ɗaya ne ke gyara firinta, ya ja waya, ya kuma kula da katanga.

Ba mai iya karanta dubban layuka kullum, kuma ba a buƙata. A zaɓi abubuwa kaɗan da za su aiko da saƙo nan take: shigar admin a wajen lokacin aiki, canjin saiti, gwajin kalmar sirri da ya yi yawa, da kuma shirun na'ura, domin katangar da ta daina turo rajista ko ta mutu ne ko an rufe mata baki. Idan saƙonnin suka wuce abin da mutum zai iya karantawa da shayin safe, cikin mako zai daina buɗe su.

Wanda ke son sanin matsayin akwatinsa ba sai ya jira ɓarawo ba. Ya rubuta kalmar sirri ba daidai ba sau 3, ya duba agogon salularsa, ya cire wayar wutar akwatin ya mayar. Idan ya tashi, ya nemi layukan nan 3 a kwamfutar ajiya, ya gwada sa'ar da ke jikinsu da wadda ya gani a salula.